Wai tsuntsu ba fiffike gare shi ba? Fashin baƙi kan ɗan tsuntsun dutsen Oku da ke shirin ƙarewa

Duk sa'ad da labarin wani tsuntsu mai shirin ƙarewa ya faɗo Facebook ko anka ji shi a radiyo, tambayar guda ce mutane ke yi: in an sare dajin da tsuntsu yake ciki, mi ya hana shi ya tashi ya koma wani dajin? Wasu kuma su ce ai Turawa ne da rashin aikin yi, mutane na fama da tsadar tiyar hatsi su kuma suna kashe miliyoyi wajen ƙirga tsuntsaye. An sha yin wagga gardama a fada, kuma ni ban ganin laifin mai faɗin haka, don mu nan Maradi in ka ce tsuntsu abin da ke fara zo ma manomi a rai shi ne jan-baki, wanda ke sauka gonar gero da safe kafin hantsi ya bar maka zangarniya wayam. Mutumin da ya wuni yana kaɗa gwangwani yana ihu cikin gona ba ka zo mai da zancen tausayin tsuntsu haka siddan.

To amma jan-baki ana ƙiyasin ya kai miliyar 1 da rabi a Afirka, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Wanga da za mu yi magana a kai, in ka tara na duniya kaf ba su cika dubu 10 ba, kuma dukkansu wuri guda suke, tsaunukan Bamenda na arewa maso yammacin Kamaru.

Wane irin tsuntsu ne?

Ɗan ƙarami ne, tsawonsa wajen santimita 13. Bayansa baƙi, cikinsa fari, namijin da faffaɗar baƙar ɗamara a ƙirji, sannan bisa idonsa akwai wata ƴar jar tsoka, ita ce ke sa a gane shi nan take. Masana na ce mai Platysteira laticincta, ni dai zan riƙa ce mai mai-jan-gira don saukin magana. Wani Ba'amurke mai suna George Bates da ya daɗe zaune Kamaru shi ya fara rubuta bayaninsa a 1926. Yana cikin dangin tsuntsaye masu waƙa, wato dangin su kanari da gado da shi jan-bakin kansa. Abincinsa ƙwari ne, yana bin ƙarƙashin ganye yana tsinta, ba ruwansa da hatsin kowa.

In ka ji an ce tsuntsu "yana cikin haɗari", ba magana ce ta fatar baki ba, mataki ne a wani kundi da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, mai mazauni a Suwizilan ke riƙe da shi tun 1964, wanda ake kira jan kundi. Akwai matakin wanda ba a damu da shi ba, akwai na mai rauni, akwai na mai cikin haɗari, sai na wanda ke bakin ƙarewa, daga nan sai wanda ya ƙare. Ana duba yawansu, da faɗin ƙasar da suke ciki, da saurin raguwarsu. Mai-jan-gira yana matakin haɗari. Kuma kada ka ce abin na nesa ne, ungulun nan da muka taso muna gani ta cika mahauta da bayan kasuwa an sa ta matakin bakin ƙarewa tun 2015, wato ta ma fi shi shiga uku. Tambayi mahauci yaushe rabonsa da ya ga garken ungulu bisa katanga.

Mi ake nufi da dajin bisa dutse?

Nan ne wurin da yawancinmu ba mu da hoton abin a kai, don ƙasarmu shimfiɗe take. Maradi ba ta kai mita 400 bisa teku ba. Wuri mafi tsawo a Nijar duka yana tsaunin Bagzan cikin Ayar, mita 2,022. Shi kuwa dutsen Oku, da ke cikin tsaunukan nan na Bamenda, mita 3,011 ne, a wancan yanki dutsen Kamaru kaɗai ya fi shi. Kuma ƙa'ida ce, duk mita dubu da ka hau sama zafi na raguwa da wajen digiri 6, shi ya sa lokacin da mu muke gasuwa a watan Afrilu can sama mutum sai da bargo. Ruwan sama ya wuce milimita 2,000 a shekara, mu nan in mun samu 500 sai mu ce damina ta yi. Hazo mai laima ke rufe itatuwa, gansakuka ta lulluɓe rassa, ƙasa jiƙe kusan kullum.

Irin wanga daji ba ya fitowa sai can sama, kuma itatuwansa da ƙwarinsa da kwaɗinsa daban suke da na gindin dutse. Akwai ma wani kwaɗo da babu shi ko'ina a duniya sai cikin tafkin Oku, tafki guda tak da ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta. Babban abin da ya rage na wanga daji a yankin Bamenda shi ne wanda ake kira Kilum-Ijim, wajen eka dubu 20 irin ekarmu ta mita ɗari-ɗari. Sauran duk ƴan guntaye ne warwatse a kwazazzabai da bakin rafi.

To don mi ba ya tashi ya canza wuri?

Ga inda amsar take. Ka tuna lokacin da Gulbi ya cika ya malale fadama, sai ka ga wani ɗan tudu tsakiyar ruwa da tumaki cirko-cirko a kai, ruwa ta ko'ina. Haka kan dutse yake a wajen wanga tsuntsu, sai dai shi abin da ya kewaye shi ba ruwa ba ne, zafi ne da gonaki da filin ciyawa. In ya sauko ƙasa ba irin ƙwarin da ya sani, ba inuwar da ya saba, kuma akwai wasu tsuntsaye ƴan uwansa da sunka riga sunka kama wurin sun fi shi iya zama can. Ba kowane tsuntsu ne shamuwa ba da za ta tashi daga nan ta ƙetare ƙasashe ta dawo da damina. Yawancin ƙananan tsuntsayen cikin duhun daji fiffikensu gajere ne, na tsalle daga reshe zuwa reshe, ko fili mai ɗan faɗi ba su son ƙetarewa don shaho na jira.

Sannan akwai abin da ya fi sarar daji ɓoyuwa, kuma shi ne ni a ganina ya fi muhimmanci a gane. Mai-jan-gira ba can ƙololuwar itatuwa yake zama ba, a ƙarƙashi yake, cikin sarƙaƙƙiyar ƙananan itatuwa da kurmi, nan yake kiwo nan yake sheƙa. To ana iya barin manyan itatuwa tsaye ƙyam, wanda ya hango daga nesa ko ya duba hoton tauraron ɗan adam ya ce daji na nan lafiya lau, alhali ƙarƙashi awaki da tumaki sun share komi. Mu ƴan Maradi ba sai an gaya muna aikin akuya ba, mu da jar akuyarmu ta yi suna har ƙasashen waje. Duk tsiron da ya leƙo ta tsinke shi. Shekara 20 ana haka, tsofaffin itatuwa na faɗuwa babu na baya da za su gaje su, tsuntsun kuwa ya riga ya ɓace tun kafin icce na farko ya faɗi.

Kuma in daji ya tsattsage gida-gida, ƴan tsuntsayen da ke kowane guntu ba su haɗuwa da na wani guntun, sai auren dangi ya yi yawa, gobara guda kuma ta isa ta gama da su duka.

Wa ke cin dajin?

Ba wani babban kamfani ba ne da katafila. Talakawa ne irinmu. Ƙasar dutsen mai aman wuta tana da albarka ƙwarai, shi ya sa yankin yana cikin wuraren da mutane sunka fi cunkushewa a karkarar Kamaru, mutanen Oku da na Nso da na Kom, ga kuma Fulani Bororo da shanunsu a filayen ciyawa na sama. Mutum sama da dubu 200 ke zaune inda tafiyar wuni guda za ta kai su dajin. Kowa na son gona ya shuka masara da wake da dankalin turawa, kowa na son iccen girki. Binciken da anka yi ya nuna tsakanin 1963 da 1986 rabin dajin ya tafi. Ana cikin haka kuma farashin kofi ya faɗi a ƙarshen shekarun 1980, wanda dā ke samun kuɗɗi da kofi ya koma neman sabuwar gona, sabuwar gona kuwa sai sama.

Sai wuta. Manomi ya sa wuta ya share gona ta kufce mai, makiyayi ya ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro, mai ɗibar zuma ya shiga da bakin wuta ya manta da shi. Da rani wutar ke hawa dutse, kuma dajin bisa dutse bai saba da wuta ba irin namu na sabara da kalgo da ke sake tohowa bayan wata biyu.

Akwai kuma wani icce, Prunus africana, da ake ɓare ɓawonsa a kai Turai a yi maganin kumburin nan da ke hana dattawa fitsari. In an ɓare gefe biyu an bar gefe biyu iccen na warkewa, amma da kuɗɗi ya shigo sai masu gaggawa sunka riƙa tuɓe shi daga gindi har reshe, ya bushe a tsaye. Abin ya kai har Tarayyar Turai ta dakatar da sayen ɓawon daga Kamaru a 2007 na wasu shekaru. Ka ga nan talaka ne ya riƙe adda amma kasuwar tana can wani wuri.

Masu cewa a kare da masu cewa mu ci mi

Mai gona zai ce maka ƙasar kakansa ce, ɗiyansa takwas, gonar ƙasa ta gaji, kai kuma ka zo ka ja layi ka ce daga nan zuwa sama na tsuntsu ne. Makiyayi zai ce shi kullum shi ake ɗora ma laifi, alhali manoma ne sunka cinye mai burtali da makiyaya har ya rasa inda zai kai dabba sai bakin daji, kuma wagga magana mun san ta sarai a nan, ba sai an je Kamaru ba. Masana kuma su ce ku ba tsuntsun muke roƙon ku tausaya ma ba, ku dubi ruwan da kuke sha. Dajin bisa dutse shi ke kama ruwan sama da hazo ya riƙe cikin ƙasa ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ya sa rafukan ƙauyuka ba su ƙafewa da rani. In an aske shi ruwan zai zo lokaci guda ya kwashe ƙasar gona, rani na yi kuma rafi ya bushe. Kogin Katsina-Ala da ke zuba cikin Binuwai daga tsaunukan nan na Bamenda ya taso. Mu da Gulbinmu ke fitowa daga Najeriya, kuma muka ga yadda ya canza tun da anka yi madatsar Jibiya, mun san abin da anka yi a sama shi ke sauka kan na ƙasa.

Ni a nawa ganin duka ɓangarorin suna da gaskiya, sai dai masu kare daji na dā sun yi wani babban kuskure, sun ɗauka doka da ɗan sanda sun isa. Ba su isa ba. Dajin da gwamnati ta ce nata ne, a idon ɗan ƙauye dajin da ba shi da mai shi ne, wanda ya riga ya sara shi ya ci riba.

Abin da ya ɗan tsai da ɓarnar

A 1987 ƙungiyar kare tsuntsaye da yanzu ake kira BirdLife International ta buɗe proje a gefen Kilum, a 1992 ta ƙara da gefen Ijim. Abin da sunka yi daban shi ne zama da sarakunan gargajiya, waɗanda can ake ce ma Fon, da majalisar dattawansu ta Kwifon wadda in ta hana abu ba mai taɓawa. Tare anka bi anka shata iyakar daji, mutanen gari da kansu sunka nuna inda gona za ta tsaya. Dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 kuma ta ba ƙauyuka damar riƙe dajinsu a hukumance. Sarakunan ma suna da nasu dalili, don akwai wani tsuntsun a dajin, turako na Bannerman mai jan tukku, wanda jan gashinsa ake soka ma mutum a hula in an ba shi sarauta ko ya yi bajinta. Shi ma babu shi ko'ina sai tsaunukan nan. In ya ƙare, da mi za a yi naɗi?

Amma abin da ya fi riƙe dajin, in ka tambaye ni, zuma ce. Oku na da wata farar zuma mai kauri kamar man shanu, daga furannin itatuwan bisa dutse ƙudan ke haɗa ta, ba ta samuwa a ƙasa. Yadda suke yi ma abin kallo ne, su saƙa amya da gora da ciyawa, su kai ta kwari inda ke da ɗumi har ƙudan zuma su shiga, sannan mutum ya ɗauko ta a ka da ƙudan a ciki ya hau dutse da ita ya ɗora cikin daji. A 2013 hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ma mamba ce a cikinta, ta yi ma zumar rajista da sunan yankinta, irin rajistar da daga baya anka yi ma kilishinmu da albasar Galmi. Farashi ya tashi. To mutumin da ke da amya 30 cikin daji, in ya hango hayaƙi ba ya jiran ma'aikacin gandun daji, shi ke fara kwasa da gudu da ɗanyen ganye a hannu. Ba don mai-jan-gira yake yi ba, wataƙila bai ma taɓa kula da shi ba, amma tsuntsun ya ci albarkacin amya. Hotunan tauraron ɗan adam na bayan 1995 sun nuna iyakar ta tsaya, wasu wuraren da anka sare ma sun fara komawa daji.

Ina ruwan ɗan Maradi?

Ruwansa shi ne mu ma mun bi ta wagga hanya, har ma duniya na zuwa koyo wajenmu. Dattawa na tuna lokacin da icce a gonarka ba naka ba ne, in ka sare reshe a ci ka tara, don haka kowa ya gwammace ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami kada ya jawo mai fitina. Bayan babban taron yaƙi da hamada da anka yi nan Maradi a 1984 zamanin Seyni Kountché an dasa itatuwa ba iyaka, da yawa sunka mutu. Abin da ya yi aiki shi ne sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara yaɗawa tare da manoman yankin nan daga 1983, ya kuma bazu lokacin yunwar 1984: kada ka tumɓuke kututture, ka zaɓi tohon da ya fi ƙarfi biyu ko uku ka sassabe sauran. Da manoma sunka tabbata iccen nasu ne, sai ga gawo da kalgo da aduwa da magarya sun cika gonaki, ana maganar eka miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta Agye har kwamitin tsaron itatuwa gare su. A 2020 gwamnati ta fito da dokar da ta tabbatar ma manomi iccen da ya rena.

Sai dai a nan nike son a yi hattara, don na ji masu cewa to ai sai su ma su yi sassabin zamani ko su dasa itatuwa magana ta ƙare. Icce a gona alheri ne, amma gona mai itatuwa ba daji ba ce. Gawo 40 cikin eka guda da gero a ƙarƙashi zai ba ka taki da inuwa da abincin dabba, kurciya da buwa za su samu wurin sauka, amma tsuntsun da ke bukatar duhun kurmi ba zai zauna nan ba. A yankin Bamenda an dasa iccen turare da yawa, tuddai sun yi kore shar, amma ƙarƙashinsa ba abin da ke tsirowa, ga shan ruwa, har wasu garuruwa sunka koma sare shi daga bakin maɓuɓɓugansu. Mu ma bedin da muke dasawa ranar 3 ga Agusta yana da amfaninsa a bakin titi da filin lakwal, amma ko miliyan nawa anka dasa ba zai maye gurbin dajin Baban Rafi ba in ya ƙare, kuma kowa na ganin amalanke da kamiyon icce da ke shigowa gari daga wajen Madarunfa kullum. Ƙirga itatuwan da anka dasa abu ne mai sauƙi, shi ya sa masu proje ke son shi. Hana akuya da wuta shiga tsohon daji na shekara 30 ba ya hoto mai kyau, ba a kiran gwamna ya yanke kyalle a kai.

Mi ke gaba?

Abu biyu ne ke barazana ga ɗan abin da anka samu. Na farko yaƙi. Tun 2016 rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya tashi a Kamaru, daga 2017 ya koma na bindiga, kuma Oku da Kumbo da ƙasar Kom suna tsakiyarsa. Hanyoyi na rufewa, kasuwar zuma ta samu cikas, mutane sun gudu daga gidajensu wasu sun fake a daji, masu bincike kuma ba su iya hawa su yi ƙirga yadda sunka saba. Wanda ke gudun ransa ba ka ce mai kada ya sari icce ya dafa abinci.

Na biyu ɗumamar yanayi. In zafi ya ƙaru, sanyin da dajin ke bukata sai ya ƙara matsawa sama, itatuwa da ƙwari da tsuntsaye su bi shi, dutse kuwa yana tsukewa ne in ana hawa, kuma can ƙololuwar Oku ciyawa ce ba daji ba. Ga gonaki na turowa daga ƙasa. Ga talakan yankin wanga na nufin furannin da ke ba da farar zuma za su ragu, rafi zai riƙa ƙafewa da wuri, mata su ƙara nisa wajen ɗibar ruwa, kuma rigimar manomi da makiyayi kan ɗan filin da ya rage ta ƙara zafi. Ƙungiyoyin ƴan ƙasa irin su CAMGEW, wadda ta samu kyautar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, suna nan suna renon itatuwan asalin dajin suna dasawa inda wuta ta ci, suna koya ma matasa da mata kiwon zuma da sarrafa kakinta.